Na'ura a Bakin Kanti da Darajar Mai Ciniki

A manyan kantunan Turai da Amurka an kakkafa na'urori inda mai saye ke nuna kayansa da kansa, na'ura ta lissafa, ya biya da kati, ya fita bai gaisa da kowa ba. Dalilin masu kanti a fili yake: na'ura ba ta karɓar albashi, ba ta kuma neman hutun haihuwa. A 2018 kamfanin Amazon ya buɗe wa jama'a kanti a birnin Siyatil inda babu mai karɓar kuɗi ko ɗaya.

Amma ba ko'ina abin ya karɓu ba. A 2023 kamfanin Booths na arewacin Ingila ya cire na'urorin daga kantunansa, in ban da biyu, domin masu saye sun fi son mutum. Tun 2019 kuwa kamfanin Jumbo na Holan ya keɓe layin da ba a gaggawa, inda tsofaffi masu fama da kaɗaici za su tsaya su yi hira da mai karɓar kuɗi. Ashe ba lissafi kaɗai take yi ba. Wata tsohuwar muryarta kaɗai za ta ji a yinin.

Ba mu ce na'ura zunubi ce ba. Mai sauri da kaya biyu ta yi masa amfani. Damuwarmu ita ce tunanin da ke ɗaukar ma'aikaci a matsayin asara. Tun kafin faɗuwa Allah ya ba Adamu aikin gona (Farawa 2:15), saboda haka aiki ba la'ana ba ne. Lidiya, wadda ta sauki Bulus a Filibi, mai sayar da tufafin shunayya ce (Ayyukan Manzanni 16:14). Karin Magana 11:1 ya nuna cewa Ubangiji yana duba ma'aunin ɗan kasuwa. Mai tsayuwa yini guda yana ba da canji daidai, cikin wannan hidima yake.

Abin kunya, akwai iyaye a ikkilisiya da ke ɓoye cewa 'yarsu mai digiri tana tsaron kanti, akwai kuma masu fitowa daga sujada su daka mata tsawa saboda layi ya yi tsawo. Dattawanmu masu shaguna kuma su karanta Yakubu 5:4 kafin ƙarshen wata, gama hakkin ma'aikaci da aka danne yana kai ƙara gaban Ubangiji, kuma yaran shagon suna da kuɗin haya da za su biya.