Tsohuwar Rijiya Da Hukuncin Zato

 

Yau za mu ƙaddara wani ƙauye ne na misali, irin waɗanda ke bisa ɗan tudu a tsakiyar fadama, kamar na tsakanin Haɗeja da Nguru, inda damina kan mai da hanya tafki sai an shiga kwalekwale. Kusa da masallacin ƙauyen akwai wata tsohuwar rijiya, ba wani mai rai da ya ga gininta. Ita ake sha, da ita liman ke alwala, da ruwanta aka wanke jariran garin da mamatansa. Ana nan, bayan ambaliyar watan Agusta, sai amai da gudawa ya kama yara a gidaje uku, har ɗaya ya riga mu gidan gaskiya. Wani saurayi malamin makaranta ya lura duk gidajen nan rijiyar suke ɗiba, waɗanda ke tarar ruwan sama a bayan gari kuwa lafiyarsu lau. Hujja dai ba shi da ita, zato ne kurum. To, ya yi magana ko ya kame bakinsa?

Mu ce ya yi magana. Dattawa za su zura guga, su ɗaga ƙwarya su nuna masa ruwa garau, ba wari, ba ɗaci. Su ce masa, "Yaro, zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Malamai ma sun ce ruwa yana nan a kan tsarkinsa sai ya jirkita."

Ba ƙarya suka yi wa malamai ba. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid ya sani, da abu uku ake gane ruwa: launi da ɗanɗano da ƙanshi. In najasa ba ta sāke ɗayansu ba, ruwa mai tsarki ne. Har ma in laka ce ko ƙasar wurin ta rina shi, kamar yadda ruwan fadama kan yi ja, alwala da shi ta inganta. Asalin wannan kuwa akwai hadisin rijiyar Budā'a ta Madina, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri, inda aka tambayi Manzon Allah game da ita sabo da ƙazantar da ke faɗawa ciki, ya tabbatar da tsarkin ruwan. Wannan sauƙi ne babba. Da an ce kowace shakka tana ɓata ruwa, da masu waswasi ba su sami na salla ba har abada.

Amma fa a lura da tambayar da wannan hukunci ke amsawa. Tambayar ita ce, sallar wanda ya yi alwala da ruwan nan ta yi? Ta yi. Tambayar malamin makaranta daban ce, watau in jariri ya sha, zai kwana lafiya? Wannan ba a babin tsarki take ba, tana babin hana cuta da cutarwa, wanda shi ma ginshiƙi ne a shari'a. Guba ma ai ba lalle ta zama najasa ba, amma ba malamin da ya halatta shanta. Ƙwayar cutar kwalara ba ta rina ruwa, ba ta sa shi wari. A birnin Landan, cikin 1854, mutane fiye da 500 suka mutu a kwana 10 a unguwa guda, alhali ruwan famfonsu ya yi suna wajen daɗi, har wata tsohuwa da ta ƙaura nesa takan aika a ɗebo mata shi, ita ma ya kashe ta. Wani likita, John Snow, ya bi gida gida yana ƙirga mamata, ya ga famfon ne ya haɗa su, ya roƙi hukuma ta cire hannunsa. A lokacin bai ga ƙwayar cutar da idonsa ba. Daga baya aka tona aka tarar da ramin masai dab da rijiyar.

A fadama abin ya fi sauƙin aukuwa, domin ruwan ƙasa yana kusa. In ambaliya ta zo, masai ya cika ya tumbatsa, abin da ke cikinsa ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ko ta bakin rijiyar da ba a ɗaure ba. Shi ya sa ma'aikatan tsabta ke cewa a bar kamar mita 30 tsakanin masai da rijiya. Rijiyar da ta shayar da kakanni lafiya, a zamaninsu gida nawa ne a gefenta? Yanzu fa? Malamanmu na da ma ba su tsaya ga abu ukun nan kaɗai ba. A Muhtasar na Shehu Halilu an so, in dabba mai jini ta mutu cikin ruwan da ba ya gudu, a kwashe ruwan gwargwadon girmansa da girmanta, ko da bai jirkita ba. Annabi kuwa ya hana fitsari a ruwan da ke tsaye, ya kuma lissafa bahaya a mashaya cikin abubuwan da ke jawo wa mutum tsinuwa.

Saura maganar zato zunubi. Nan ne nake ganin dattawa sun ɗauki magani mai kyau sun shafa shi inda ba ciwo. Zaton da Suratul Hujurati ta yi gargaɗi a kansa, zato ne ga mutane. Rijiya ba ta da mutuncin da za a zubar. In an zarge ta aka gwada aka ga lafiya take, asarar ɗan icen tafasa ruwa kaɗai aka yi. Abin tsoro shi ne ranar da zato ya tashi daga ruwa ya faɗa kan mutum, kuma ba ya daɗewa bai tashi ba. Kafin kwana uku za ka ji ana raɗe-raɗin an ga wani baƙo a bakin rijiya da almuru, ko makiyayan da suka sauka a gefen gari ne, ko wata tsohuwa marar gata da aka daɗe ana yi wa kallon mayya. Lokacin babbar annoba a Turai an ce Yahudawa ne ke zuba guba a rijiyoyi, aka ƙone su da yawa a birnin Strasbourg cikin 1349, annoba kuwa ba ta fasa shiga garin ba. Abin mamaki, mutanen da ke jin nauyin zargin rijiyar kakanninsu, sau da yawa ba sa jin nauyin zargin maƙwabcinsu.

Sabo da haka malamin makaranta ya yi magana, wajibi ne a kansa. Sai dai ya faɗi iyakar abin da ya gani: gidaje uku, rijiya ɗaya, bayan ambaliya. Kada ya ce ya tabbata, kada ya kama sunan kowa. Ya fara da liman da dagaci kafin dandali, don in maganar ta fito daga bakinsu ta fi shiga. Kada kuma ya nemi a toshe rijiya nan take ba tare da an tanadi wata ba, gama in an toshe ta mata tafki za su nufa da tulunansu, shi kuwa ya fi ta sharri, ga tsargiya ga abin da ambaliya ta kwaso. Abin da zai roƙa kaɗan ne. A tafasa na sha, a garzaya da marasa lafiya asibiti ana ba su ruwan gishiri da sukari a hanya, a aika wa ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma su zo su ɗebi ruwan su auna, samari su yashe rijiyar su ɗaure bakinta. Liman kuwa ya ci gaba da alwalarsa da ruwanta, ba wanda zai ce masa ya rama salla.