Iskar Gaban Hadari da Abin da Ya Hau Kanmu

Godiya ta tabbata ga Allah Mai sarrafa iskoki da girgije, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani, ya ɗan'uwa, manomin Gamu, a gundumar Gure ta jihar Damagaram, yana sauraron farkon damina da murna haɗe da fargaba. A watannin Yuni da Yuli hadari yakan taso daga gabas. Sanyayyar iskar da ke faɗowa daga cikinsa sai ta bugi busasshiyar ƙasa, ta tayar da jar ƙura, ta riga ruwa isowa gari. Kafin a gama kore awaki cikin gida, ta yaye kwanon rufi, ta kwantar da darni, ta cire hular rumbu ta bar damman gero a waje, ruwa ya biyo ya jiƙa su. Ajin zana na 'yan makaranta yakan rushe. A gona kuwa, yashi ya binne hatsin da bai wuce kwana goma da tsira ba, sai mai gona ya sake neman iri alhali rumbu ya yi ƙasa. Iska tana wahalar da mai kayan kara, shi ya sa talaka ne ya fi shan ta.

Musulmi ba ya zagin iska, domin umartarta aka yi, kuma Annabi (SAW) ya hana. Nana A'isha ta ruwaito cewa idan ya ga hadari ko iska, akan ga damuwa a fuskarsa har sai ruwa ya sauka. Suratul Ahƙaf ta ba da labarin Adawa, waɗanda suka hango girgije suka zaci ruwa ne, ashe halakarsu ce. Saboda haka farkon abin yi shi ne addu'a, da istigfari, da haƙuri kan abin da ya salwanta.

Amma yarda da ƙaddara ba ta kore riƙo da sababi. Wanda ya koya mana tawakkali shi ne ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna. Iska daga Allah take, saran itace kuwa da hannunmu muka yi. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya hana saran gawo, ya kuma tsananta horo a kansa. Ƙasar da aka tsiraita kuwa ba ta tare iska. A yankin Gure kansa an ga yadda shingen kaba ke tsayar da tudun yashi, ya hana shi cinye kwari da dabinonsa.

To, kafin hadarin fari, a duba azara, a ɗaure kwano da waya, a ƙarfafa rumbu. A bar tohon gawo da aduwa su girma a gona. Itacen da aka dasa ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itace ta ƙasa, a shayar da shi har ya kama. Wanda kuma rufinsa ya tsira, ya ɗauki zana da igiya da tiyar hatsi ya nufi gidan maƙwabcinsa, domin haƙƙi ne da za a tambaye shi a kai ranar gobe ƙiyama.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga sharrin iska da abin da ke cikinta. Amin.