Ɓarawon da Ya Zama Alƙalin Gida

Na fara kallon fim ɗin The Ref ne a shekarata ta ƙarshe a jami'a, a kwamfutar abokin kwanana, cikin sanyin hunturu, a daren da ya kamata in kwana ina bitar karatu. Na yi dariya har da hawaye. Da gari ya waye sai dariyar ta soma damuna, domin abin da na kwana ina ƙyaƙyatawa a kansa shi ne aure yana gab da mutuwa, yaro ya kangare, uwa kuma tana gasa wa 'ya'yanta aya a hannu. Ni da aka rene ni a kan cewa asirin gida ba abin wasa ba ne, me ya ba ni dariya a nan?

Fim ɗin ya fito a Amurka a 1994, Ted Demme ne ya ba da umarninsa, kuma ma'anar sunansa alƙalin wasa. A daren jajibirin Kirsimeti, a wani ƙaramin gari na masu hannu da shuni a jihar Konetikat, wani ɓarawo mai suna Gus, wanda Denis Leary ya fito a matsayinsa, ya shiga sata asirinsa ya tonu. 'Yan sanda suka datse hanyoyi. Don neman maɓoya sai ya ritsa wasu ma'aurata da bindiga, Lloyd da Caroline, wato Kevin Spacey da Judy Davis, ya sa suka kai shi gidansu. Bai san ya tsallake rijiya ya faɗa teku ba. Mutanen nan dawowarsu ke nan daga wurin mai sasanta ma'aurata, kuma ko bakin bindiga bai hana su ci gaba da cacar baki ba. Ya ɗaure su, suka ci gaba. Ƙarshe dai wanda ya zo sata ya koma raba faɗa, ga kuma dangin miji suna tafe cin abincin biki, dole ya yi shigar burtu a matsayin mai sasanta auren nasu.

Abu na farko da ya tsaya mini a rai ƙarami ne. Caroline ta ce ta daina shan taba, alhali tana da wadda ta ɓoye. Lloyd ya ƙetare alamar tsayawa a kan titi, ya rantse babu wata alama a wurin. Gus ya tilasta wa kowannensu ya amsa da bakinsa cewa ƙarya ya yi. Shekaru suna tare, amma sai da bindiga kafin ɗayansu ya iya cewa ni ne da laifi a kan abin da bai taka kara ya karya ba. A nan na gane cewa ba su nake yi wa dariya ba. Na san wannan taurin kan, na gan shi a tsakar gidanmu, na kuma same shi a bakina.

Sai dai zuciyar labarin tana wurin Rose, mahaifiyar Lloyd, wadda Glynis Johns ta fito a matsayinta. Attajira ce. Da gidan abincin da ma'auratan suka buɗe ya karye, ita ta ba su rance, da ruwa a kai, ɗanta kuma ya koma yi mata tsaron kanti. Tun daga nan kowa ya kama bakinsa a gabanta. Tana yanka magana, ana murmushi. Ana zaune a teburin biki, kowa da rawanin kyandirori masu ci a kansa, wai Caroline ta shirya liyafa irin ta mutanen arewacin Turai, kowa kuma cikinsa na tafasa. Ɓarawon kuwa ya tanka wa tsohuwar, ya gaya mata cewa ya san masu ba da bashi da ruwa da suka fi ta tausayi. Ya iya faɗa ne don shi kaɗai ne ba ta bi ko sisi, ba ya kuma jiran gadonta.

Mu a wurinmu kara da kawaici ado ne, kuma ban yarda da masu cewa duk munafunci ba ne. Na ga matar da ta haɗiye baƙar magana ranar Sallah don kada 'ya'yan kishiyarta su ji kunya, kuma ban san wani hali da ya fi wannan daraja ba. Amma fim ɗin ya sa na raba shiru gida biyu. Akwai shirun da mutum ke yi don ya rufa wa wani asiri, akwai wanda yake yi don an saye bakinsa. Daga waje kamarsu ɗaya, shi ya sa mai na biyun ke iya shekara ashirin yana kiran tsoronsa ladabi. Shirun Lloyd a gaban uwarsa bai kare kowa ba. Ɗacin da ya kasa furta mata, matarsa yake juye wa a mota da ɗakin kwana, ɗansu Jesse kuma ya tashi cikin wannan hayaƙi har ya ƙware wajen karɓar kuɗin toshiyar baki daga wani jami'in makarantarsu. An ce idan bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A gidan nan ɓarawo ne ya shiga, ya tarar tsagar ta riga shi.

Ina da wani kawu da ya biya mini kuɗin makaranta na shekara biyu, kuma har gobe ina gode masa. Amma duk taron dangi sai ya ambata, cikin raha, a gaban kowa, mahaifina yana sunkuyar da kai. Ban taɓa cewa uffan ba. Da na ga Lloyd ya ɗauki ƙarfen tona wuta yana dukan bishiyar Kirsimeti don a saurare shi sau ɗaya, sai na ji wani sanyi a raina wanda na ji kunyarsa daga baya. Alherin da ake gori a kansa yana nan a matsayin alheri, tunda da shi na yi karatu. Tambayar da ta rage ita ce ko godiya ta wajabta mini shiru har abada, kuma wa ke biyan kuɗin shirun nawa, ni ko tsohona.

Ba duk abin da ke cikin fim ɗin na amince da shi ba. Bakinsa ya cika ashar, kuma inda aka ɗaure tsohuwar aka toshe mata baki, dariyata ta tsaya. Uwa uwa ce ko da halinta ya munana. Ƙarshensa ma ya yi sauƙi fiye da kima: dare ɗaya na faɗar gaskiya, sai ga ma'aurata sun shirya, har sun taimaki Gus ya tsere ta jirgin ruwa. Raunin shekaru ba ya warkewa kafin asuba, kuma wanda ya zazzage cikinsa a taron dangi yakan wayi gari da sabuwar gaba a kan tsohuwa.

A Sallar da ta wuce kawuna ya sake ba da labarin kuɗin makarantar. Ban ɗauki ƙarfe ba, ban kuma ɗaga murya ba. Na jira har aka watse, na raka shi bakin mota, na durƙusa na ce, "Kawu, Allah ya saka da alheri, ban manta ba, ba kuma zan manta ba. Amma don Allah a daina faɗa a gaban Baba." Ya dube ni ya daɗe, bai ce komai ba, ya ja ƙofar motarsa. Har yau bai kira ni ba, ni kuma na gaishe shi ta waya sau biyu, ya amsa a taƙaice.