Amanar Mai Ba Da Labari

'Yan'uwana mata, ina da tambaya: sunan ɗan wasa a hannun wa yake, a nasa ko a hannun mai ba da labarinsa? Mu da ke cikin gida a Yauri ko Shanga ba ma zuwa filin ƙwallo, ba ma zuwa dandalin dambe. Abin da akwatin rediyo ya faɗa, shi muka gani.

Ernest Okonkwo, mai sharhin ƙwallo a Rediyon Najeriya, shi ya laƙaba wa Christian Chukwu suna Ciyaman, wato kyaftin ɗin da ya ɗaga kofin Afirka a Legas a 1980. Okonkwo ya rasu a 1990, laƙabin kuwa bai bi shi kabari ba. Haka Shago. 'Yan dambe nawa aka yi a zamaninsa aka manta da su? Shi ya samu makaɗi Ɗan Anace, har wanda bai taɓa ganin damtsensa ba ya san shi.

Ashe da masu maganar nan sun so, da sun binne gwani sun ɗaga rago, mu kuma ina za mu gane?

Ni a ganina kowaccenmu mai sharhi ce. Kin je biki Ngaski, kin dawo kina ba da labarin 'yar mutane, masu sauraronki ba su je ba, da idonki suke kallonta. Wallahi kalmarki ɗaya ta isa a fasa aurenta. Magana zarar bunu ce. Ki faɗi abin da kika gani ba ƙari, in babu alheri a ciki ki kama bakinki.

Allah ya tsare mana harsunanmu, amin.