Wa Ya Turo Ka?

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a watan Agustan 1991, Dutse ta wayi gari babban birni, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo. An ce a lokacin ne wasu masu sana'ar hannu su biyar suka haɗa kuɗi suka kama wani tsohon gida a Garu, kusa da fadar Sarki. Akwai masaƙi, da baduku, da magini mai zanen bango, da makaɗin kalangu, sai wani saurayi mai rubuta allunan shaguna da fenti.

Kowa da ɗakinsa, zaure kuwa na kowa ne, nan ake aiki, nan ake karɓar baƙi. Duk wanda ya yi ciniki zai zuba kashi ɗaya cikin goma a asusun gida, daga ciki ake biyan haya da hatsi da magani. Masaƙi, da yake shi ne babba, shi ke riƙe da makulli. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ake zama a ƙirga.

Sababbin ofisoshi da shaguna suka yi ta buɗewa, aiki ya yi wa mai fenti yawa. Wata Juma'a ya ƙi zuba nasa.

"Baba, ni ke cika asusun nan," in ji shi. "Kawu makaɗi kuwa tun da damina ta faɗi bai kawo ko sisi ba."

Makaɗi ya sunkuyar da kai. Abin ya yi masa ciwo, don a shekaru ya haifi yaron.

Masaƙi ya ce, "Riƙe kuɗinka, ɗana. Abu ɗaya nake so. Wata guda, duk wanda ya kawo maka aiki, ka tambaye shi wa ya turo shi."

Yaron ya fara tambaya. Mai shagon magani ya ce a wani biki a Kiyawa ya ji makaɗi yana wasa sunan mai fenti. Mai tireda daga Shuwarin ya ce makaɗi ne ya kwatanta masa gidan. Wani direban Birnin Kudu ma haka. Ashe duk inda tsohon ya je kiɗa, da rigar saƙin gidan yake zuwa, da takalmin baduku, yana faɗa wa jama'a inda ake samunsu, bai taɓa neman lada ba.

Wata bai cika ba yaron ya kawo kuɗin duka, ya durƙusa gaban makaɗi ya ce, "Kawu, ka yafe mini."

"Tashi, Allah ya yafe mana baki ɗaya."

A zaman wannan Juma'ar aka yanke cewa daga yau kuɗin motar makaɗi da fatar kalangunsa daga asusun gida za a riƙa biya.