Sawun wa ake bi?

Hanyar ayari ba ta tsaya a duwatsun Abzin ba. Raƙuman Kel Ewe sukan ɗauko kantun gishiri da dabino daga Bilma, su huta a gindin Bagzan, sannan su gangaro Damargu da Tasawa, su ratsa Gazawa, maƙwabciyar Gangara, har Katsina da Kano, su koma da gero da tufafi. Ita Heinrich Barth ya biyo a Janairun 1851.

To, wanda ya taka ta a yau domin nishaɗi ko tunawa da magabata, sawun wa yake bi? Amsar da ta fi daɗin faɗi ita ce sawun madugu, masanin rijiya da tauraro. Amma madugu ɗaya ne a ayari. Da yawa cikin masu jan akala da masu ɗaurin kaya tun asuba bayi ne; wasu ma su ne hajar, aka kora su arewa zuwa Gat da Tarabulus. Zancen bai tsufa ba, tunda sai a 2003 Nijar ta sa bautarwa cikin laifuffukan da kotu ke hukuntawa.

Wani zai ce tonon silili ne, ai gishirin ya rayar da dabbobin manoma da makiyaya. Haka ne. Sai dai mai tafiyar nishaɗi, in ƙafa ta kumbura, yana iya juyawa gida. Bawa ba shi da wannan. Ranar da malami zai kai ɗalibai tsohon zango, ƙila jikan madugu da jikan mai jan akala suna tsaye gabansa, suna jiran labarin da zai fara da shi.