Wanda Ya Buɗe Ƙofa, Ina Ladansa?

Ran Lahadi bayan sujada a nan Indabo, matan Zumunta suka ta da wata tsohuwar waƙa da tulu da kacau-kacau. Wata dattijuwa ta share hawaye, ta ce, "Waƙar gwaggona ce wannan. Malamin cikin akwati ne ya sa duniya ta ji ta." Muka tambaye ta sunan malamin, ta ce ya ɓace mata. Muka tambayi dattawa uku, suka ba mu suna uku dabam dabam. Tun ran nan abin yana damun zuciyarmu.

Yaran yanzu ba su san zamanin ba. A 1954 mishan ta S.I.M. ta buɗe gidan rediyon ELWA a Monrobiya ta ƙasar Laberiya. A 1963 kuma Lutheran suka buɗe nasu a Adis Ababa, inda a ke jin Muryar Bishara. A Jos a ke ɗaukar shirin Hausa, a aika da shi can nesa, kāna ya komo mana ta gajeren zango. Gwamnatin soja ta Habasha ta karɓe na Adis Ababa a 1977, yaƙin Laberiya kuwa ya rushe ELWA a 1990.

Malamin nan ɗaya ne daga cikin masu shirin. Iyayenmu sun ce shi ba mawaƙi ba ne, muryarsa ma ba ta da zaƙi. Amma ya kan bi ƙauyuka da na'urar ɗaukar magana, ya zauna bisa tabarma, ya ce, "Inna, rera mini wadda ki ke yi wajen daka." A lokacin nan yawancin abin da ke cikin Littafin Waƙoƙi juyi ne daga na Turawa. Waɗansu dattawan ekklesiya suka ƙi, suka ce karin waƙar mata na gidan biki ne da wurin giya, bai dace da ɗakin sujada ba. Bai yi gardama da su ba, sai ya roƙe su su saurari kalmomin tukuna. Da mutane suka ji muryar 'yar ƙauyensu tana yabon Yesu daga cikin akwati, suka gane bishara ba baƙuwa ba ce.

To, ga tambaya. Mutum ya ƙare ƙarfinsa garin ɗaukaka muryar waɗansu, waƙa ta zauna, sunansa ya tafi. An cuce shi, ko ba a cuce shi ba?

Wani zai ce, "Ba a cuce shi ba, gama don Allah ya yi, ladansa kuwa yana sama." Gaskiya ne. Ubangiji ba mai mantuwa ba ne, abin da aka yi a ɓoye yana gabansa a sarari. Amma mu yi hankali da amsan nan, gama ya yi wa mai butulci daɗi da yawa. Ko da shi ke malamin bai yi hasara ba, mu mun yi. Jama'ar da ta manta da mai buɗe ƙofa, ba da daɗewa ba za ta manta ƙofa buɗe ta a ke yi.

Ku duba Barnaba. Sa'ad da masu bi na Urushalima su ke tsoron Shawulu, shi ya kama hannunsa ya kai shi wurin manzanni (Ayyukan Manzanni 9:27). Sa'ad da Bulus ya ƙi tafiya da Markus, shi ya ɗauki yaron (15:37-39). Yau muna karanta wasiƙun Bulus da Bisharar Markus, amma babu littafi ko ɗaya cikin Sabon Alkawari mai sunan Barnaba. Duk da haka Luka bai bar shi ya ɓace ba, ya rubuta aikinsa domin mu yi koyi. Watau tunawa da irin waɗannan bashi ne a kanmu, hanyar biya kuwa ita ce mu yi yadda suka yi.

A nan ne maganar ta taɓa mu, mu masu tsayawa a bagadi. Yau kowane saurayi yana da waya mai ɗaukar murya, ba ya bukatar Jos ko Monrobiya. Abin da ya rasa shi ne babban da zai zauna ya saurare shi. Sau nawa yaro ya zo da sabuwar waƙa, muka ce lokaci ya ƙure? Sau nawa shugaban mawaƙa ya danne yarinya domin muryarta ta fi tasa? Mu kan ce muna tsare tsarkin sujada, amma in mun bincika zuciya, wani lokaci kishi ne ya sa rigar ibada. Gyara wajibi ne, in kalmomi sun kauce wa Littafi Mai Tsarki a gyara su. Sai dai ba a gyaran waƙar da ba a ji ba.

'Yan'uwa, bari kowace ekklesiya ta yi abu biyu kafin kaka. A zauna da tsofaffi, a rubuta waƙoƙinsu da sunan wanda ya ƙaga su da na wanda ya ƙarfafa shi, tun suna da rai. Kāna kowane fasto shi nemi yaro ɗaya mai jin kunya, shi shimfiɗa masa tabarma, shi ce, "Rera, ina ji."

Allah shi ba mu zuciyar Barnaba. Amin.